Haushin Malam Musbahu

Malam Musbahu ya shigo Jidda da bizar umra a 1981, bai koma gida ba. Da bizar ta ƙare, wata dattijuwa 'yar garinsu mai suna Indo ce ta ɓoye shi a ɗakin girkinta a unguwar Mahjar har wata huɗu, tana ci da shi kamar ƙaninta. Ita ma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ita ce kuma ta yi masa hanya ya samu gadi a shagon tayoyin Mahmud a unguwar Waziriyya.

Mahmud haifaffen Jidda ne. Kakansa daga Katsina ya tako da ƙafa, amma shi Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani Bature a tashar jiragen ruwa, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Kullum Indo takan zauna a inuwar katangar shagon da tiren gyaɗa da ƙuli-ƙuli, leburori suna saye. Shekara biyar ba wanda ya ce mata kanzil.

Wata Talata bayan la'asar, Mahmud yana shan shayi a bakin ƙofa shi da abokinsa Husaini, sai wani attajiri ya zo sayen taya. Ya sauko daga mota, ya taka ɓawon gyaɗa, ya dubi Indo, ya yatsine fuska, ya koma motarsa ya tafi.

Mahmud ya ajiye kofi, ya dubi Musbahu. "Ya Hajji, kori matar nan. Yalla, maza. Kada in sake ganin ta."

Musbahu ya rusuna. "Maigida, Indo ce fa. Ita ta riƙe ni a garin nan. In ba ka son zamanta, kai ka gaya mata, za ta tashi."

Mahmud ya yi dariya ya juya ga Husaini. "Ka ji shi? Turawa suna da wata magana. Wai ba a ajiye kare kuma mutum ya riƙa haushi da kansa."

"Ya'ani me?" in ji Husaini.

"Ya'ani in ka ɗauki mutum aiki, ba kai za ka yi masa aikin ba. In ni zan tashi in yi kora, to wannan me na ajiye shi ya yi?" Ya nuna Musbahu da baki. "Ko in kira 'yan jawazat, jami'an shige da fice, su zo su duba takardunku, kai da ita?"

Musbahu ya miƙe. Mutum ne mai furfura, da 'ya'ya shida a gida suna jiran abin da zai aiko. Ya taka a hankali har gaban Indo, wadda ta ji komai.

"Yaya Indo, ki yi haƙuri ki tashi," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta fara tattara ƙullin gyaɗa.

"Ban ji ba!" in ji Mahmud. "Ɗaga murya!"

"Tashi!"

"Ƙara dai!"

"Tashi ki bar nan! Tashi, na ce!" Muryarsa ta fashe, har leburori suka leƙo daga ciki.

"Tiren kuma fa?"

Musbahu ya runtse ido ya sa ƙafa ya hamɓare tiren. Gyaɗa ta watse har cikin kwata. Husaini ya sunkuyar da kai yana juya shayinsa.

Indo ta durƙusa ta tsince abin da zai tsintu. Da ta ɗora tiren a ka, ta dubi Musbahu ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Ta wuce.

"Halas, shi ke nan," in ji Mahmud. "Yanzu share wurin."

Indo ta koma bakin babban titi, inda babu inuwa, babu lungun ɓuya. Kwana tara da komawarta motar 'yan jawazat ta kwashe ta, da zanen da ke jikinta kawai. A Mahjar kowa ya ji labarin tiren. Musbahu ya yi sallama a majalisa, ba wanda ya amsa.

Ranar Juma'a ya je ɗakinta ya ƙulle mata zannuwa biyu da maganin hawan jininta, ya hau mota zuwa inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Sai da ya hango soja a ƙofa yana karɓar takardun masu ziyara, shi kuwa ba shi da ko ɗaya, ya tsaya cak a tsallaken titi. Ya yi ta tsayuwa cikin rana da ƙunshin a hannu. Ya roƙi mutum uku su shigar masa da shi, suka ƙi.

Da aka kira la'asar ya juya. Ranar Asabar da safe shi ya buɗe ƙofar shagon.