Gidan Bakin Komadugu

Ishaya, mushen lakwal, wato malamin makaranta, bai taɓa yi wa matarsa Ladidi ƙarya ba, amma gaskiyarsa takan zo da saura. Da ya ajiye aiki a Diffa a shekarar 1998, sai ya sayi wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bakin kogin Komadugu, daga wajen Fannami manomin tattasai. Ya je har garinsu Dogondutsi ya ce mata ta tattara kaya, ruwa na nan a ƙofar gida, har da jiragen masunta.

Lokacin sanyi ya ga gidan, kogi cike. Ita kuwa tsakiyar bazara ya kawo ta. Ta sauka daga mota, ta tarar da yashi fari fat, da wani jaki kwance a tsakiyarsa.

“Baban Eli, ina ruwan?”

“Zai zo.”

“To, ni ma zan zo in ya zo.”

Ta ƙi kwance kaya. Turminta na gado ma ta bar shi ɗaure cikin buhu a bakin ƙofa, ta ce ranar da ta gaji da jira za ta koma gida wajen ƴaƴanta. Ishaya ya tsorata ƙwarai. Duk rayuwarsa a gidajen gwamnati ya yi ta, wannan ne na farko da ya kira nasa, kuma ba shi da amfani in ba ta ciki.

Kullum Ladidi na tsakar gida tana hararar sama. Hadari ya haɗu, ya ɗan yayyafa, ya watse. Rannan maƙwabciyarta Falmata, matar Fannami, ta leƙo ta kan darni.

“Madam, wuyanki zai ƙage. Namu ruwa ba daga sama yake zuwa ba, ta ƙasa yake tahowa, daga Najeriya. Yamma ake kallo.”

Ladidi ta yi murmushin ladabi kawai. A garinsu ƙorama tare da ruwan sama take zuwa, kafin a gama tuwo ta wuce.

Wata ranar Talata da hantsi, rana tsaye, ko ɗigon gajimare babu, sai unguwa ta ɗauki guɗa. Falmata ta shigo babu sallama ta ja ta da hannu. Ga ruwa can yana tahowa a kan yashi, sannu a hankali kamar tsohuwa mai dawowa daga kasuwa, yana turo kumfa da karmami. Mutane na tafe a gabansa, wasu na wanke fuska, manoma har sun fara maganar gyaran injin ban ruwa. Falmata ta ɗibo da hannu ta shafa mata a goshi.

“Ya Falmata, wannan ai gobe babu shi,” in ji Ladidi.

“Gobe ki zo ki gani.”

Ishaya ya ja gefe yana kallonsu, don ya san bakinsa ne ya jawo masa.

Da safe ya farka bai ga Ladidi ba. Ya duba bakin ƙofa, babu buhu. Ya fita ko takalmi babu, zai nufi tasha. Sai ya ji dakan gero ta bayan gida. Ta kafa turmin a ƙarƙashin bishiyar bedi, inda take hangen kogin, wanda ya kwana ya ƙara faɗi.

Ba ta ko ɗago kai ba. “Bai tafi ba,” ta ce. “Shiga ka kwance sauran kayan.”