Ɓarawon da ke Zuwa da Hantsi

Tsohuwar sabar shagon hotonmu, wato kwamfutar da muke ajiye hotuna a cikinta, gidan biki ce, kowa shiga yake. Kalmar sirri ɗaya ce tun zamanin da Baba ke riƙe da kyamara, har mai gyaran takalmin ƙofar shago na san ya haddace ta. A ciki kuwa hotunan jama'a ne, amanar mutane. Don haka ranar da Yaya ya sayo sabuwar na'ura, na naɗe hannun riga na ce yau za a san an haifi mai ilimin kwamfuta a gidan nan.

Na ɗora mata babbar manhaja sabuwa fil, na sabunta komai. Na tayar da katangar tsaro, na toshe duk ƙofofin shiga sai wadda aiki ke buƙata. Babban asusun da ke iya share komai na hana a shige shi daga waje. Kalmar sirri na yi mata ritaya, kowane ma'aikaci na ba shi mabuɗinsa a na'urarsa. Sannan na ɗora ɗan maigadi, wata ƙaramar manhaja mai korar duk wanda ya yi ta ƙwanƙwasa ba mabuɗi, ta kuma turo min saƙo a waya.

"Auta, ko ni sai da izini?" in ji Yaya.

"Kai ne ma na farko. Ba kai ka taɓa share hotunan makaranta guda ba?"

Ya kau da kai, don gaskiya ɗaci gare ta.

Shi Baba tun da gwiwa ta hana shi hawa benen shago yake gida. Amma kullum da yamma sai ya tare Yaya a falo: wancan hoton haske ya yi yawa, wannan an yanke wa mutum kafaɗa. Yaya ya yi ta gunaguni, Mama ta yi ta dariya. Wannan faɗan shi ne abin da ya rage wa Baba na sana'arsa, kuma da shi yake cin abinci da daɗi.

A makon nan sai faɗan ya ɗauke. Baba ya zauna ya zuba wa talabijin ido, abinci ma tsakura yake. Mama ta fara zancen asibiti. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban saba ganinsa haka ba.

Ni kuma a shago ina ta hura hanci. Kullum da hantsi wayata sai ta yi ƙara: wani ya gwada tsohuwar kalmar sirri, maigadi ya kore shi. Washegari ya dawo, a sake korarsa.

"Yaya, zo ka ga ɓarawo mai naci! Ko kunya ba ya ji."

Yaya ya leƙo. "Daga wace ƙasa yake?"

Na bi sawun lambar da yake shigowa da ita, ina murmushin mugunta. Murmushin ya tsaya a hanya. Lambar intanet ɗin gidanmu ce.

Muka kalli juna. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayar yadda mutumin da ba ya zuwa shago yake ganin hotunan da yake kushewa.

Da na koma gida na sami Baba a ɗaki, tsohuwar laftof a cinya, tabarau a kan hanci.

"Baba, me ya hana ka faɗa min?"

"Na ɗauka kun gaji da surutuna ne," ya ce, bai ɗago ba. "Wanda aka rufe wa ƙofa ai ba ya tambayar dalili."

Na karɓi laftof ɗin, na buɗe masa asusunsa, na saka masa mabuɗi.

"Ga shi. Za ka ga komai, amma ba za ka iya share ko canza komai ba."

"To, kamar dai zamana da uwarki," ya ce. Mama ta jefo masa harara daga bakin ƙofa.

Hotunan makon suka bayyana. Ya gyara tabarau, ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo. Sai ya ja dogon tsaki.

"Wa ya ɗauki wannan? Yaro fari tas kamar an wanke shi da bilic! Kira min yayanki."

Yaya na tsaye a bayan labule tun ɗazu. Ya shigo yana washe baki kamar an yi masa kyauta, ya durƙusa gefen kujera.

Mama ta juya kicin tana cewa bari ta ƙaro abinci.