Agogon Kawu Mainassara da Ciyawar Tagriss

Tun hantsi Amani yake zirga-zirga a ƙofar biro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya ta Dakoro. Shanunsa na bayan gari, ruwan rijiya ya ja baya, shi kuwa bai san ko ya kora su Tagriss ko Korahane ba. Hamdiya, mai kula da ordinatar biron, wato kwamfuta, ta yi masa alkawarin taswirar wuraren da ciyawa ta saura, daga hotunan tauraron ɗan'adam.

Matsalar ita ce batiri. Da la'asar yake mutuwa, kuma in ya mutu ana tsakiyar lissafi, aikin duka ya lalace. Saboda haka Hamdiya ta daɗe da rubuta wata ƙaramar manhaja, wadda ake tayar da ita da rubuta layi ɗaya a baƙin allo, mai auna tsawon lokacin da aiki yake ci. Ta gwada ta a kan ɗan yanki don ta ƙiyasta sauran. Manhajar ta ce aikin ya ƙare kafin ya fara.

Ta sake gwadawa, amsa ta sauya. Ta tashi, ta zauna, ta bi rubutun layi-layi. Amani ya leƙo ya tambaya ko na'urar ma kiwo ta tafi.

Da ta dawo daga alwala, ta tarar da kawunta Mainassara, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, kuma magatakardan ƙungiyar, a gaban allon. Yana daidaita agogon na'urar da na hannunsa, kamar yadda ya saba duk sa'ad da ya gitta. Ya bayyana mata cewa na'urar da ke ƙirga lokaci daga farkon Janairun 1970, tun kafin babban fari, bai kamata ta riƙa zarce lokaci ba.

Nan ta gane. Manhajar tana duba agogon ne a farko da ƙarshe, shi kuwa yana matsar da shi a tsakani. Ta gyara ta, ta koma ƙirga bugun cikin na'urar, wanda hannu ba ya taɓawa.

"Kawu, taɓa agogon yanzu. Kai shi inda kake so."

"Ba'a kike mini, ɗiyata?"

"Gwaji ne."

Ya mayar da shi baya sosai, awon bai motsa ba. Sai dai ya nuna batirin ba zai kai ƙarshen taswirar duka ba. Ta yanke Korahane, ta sa na'urar aikin ɓangaren arewa kaɗai, inda Tagriss take.

Taswirar ta fito ana kiran la'asar: akwai ciyawa gabas da Tagriss. Amani bai tsaya shayi ba.