Barandar Walid

Munirat ta gaji da matakalar gidansu tun ba yau ba. Kullum bayan la'asar sai ta tallafo mahaifiyarta, Inna Safiyatu, su hau ta taki ɗaya-ɗaya, ana hutawa ana nishi. Tun da gwiwoyi suka hana tsohuwar zuwa Harami, abin da ya rage mata ke nan: ta zauna a saman bene, can bakin unguwar Awali, ta hango hasumiyoyin masallacin Annabi ta kan itatuwan dabino, ta yi masa sallama. Shekara tara ba fashi. In ta sauko takan ce yau ma ta kai ziyara.

Sai Walid, ɗan maƙwabcinsu, ya sare dabinon da ya gada ya kafa ginin haya. Kafin wata shida ginin ya haɗiye hasumiyoyin nan, saura guda ɗaya tal, wadda ake hangowa ta cikin wata baranda da aka bari buɗe gaba da baya a hawa na uku. Inna ta sa aka ja mata kujera kusurwa, jikin tankin ruwa, ta ce, "Ɗaya ma ta isa sallama."

Ita Munirat ba ta ishe ta ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ta riƙa ganin uwarta tana karkata wuya kamar mai leƙen gidan biki. Ta ɗauki takardun gida ta nufi baladiyya, ofishin da ke ba da izinin gini. Sau uku tana zuwa, ta karɓi lamba, ta zauna har ƙafa ta yi tsami. A na ukun wani ma'aikaci mai furfura ya duba, ya ce izinin Walid daidai yake, kuma babu dokar da ta mallaka wa mutum abin da idonsa ke hangowa.

"Abu ɗaya muke saurara tsakanin maƙwabta," in ji shi. "Kashf. Wato in gininsa yana leƙa matan gidanku."

Ai kuwa kamar an sosa mata inda ke mata ƙaiƙayi. A saman benen suke shanya, a nan suke tsifar kai ba mayafi, ba ƙarya za ta yi ba. A lissafinta za a tsayar da aikin, ƙila ma a sa shi ya sauke hawa guda. Ta sa hannu a takardar ƙara, ta dawo gida ba ta faɗa wa kowa ba.

Bayan mako biyu injiniya ya zo ya tsaya a saman benensu, ya dubi barandar, ya yi rubutu, ya tafi. Ranar Alhamis magina suka hau barandar da bulo. Munirat tana shanya ta gan su, sai da suka jera layi huɗu sannan ta gane hukuncin da ta jawo. Ta tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zane har suka shafe siminti. Da la'asar ta ce wa Inna yau akwai ƙura, a haƙura.

Washegari bayan sallar Juma'a Walid ya yi sallama, da kwalin dabino a hannu. Ya durƙusa gaban tsohuwar, Hausarsa na tuntuɓe da Larabci.

"Inna, samihini, ki yafe mini. Wallahi barandar nan saboda ke na bari. Muhandis, injiniyan ginin, ya ce a mai da ita ɗaki, na ce la, a'a, Inna tana ziyara ta nan. Amma an kai shakwa, aka ce dole in toshe."

Inna ta dube shi. "An toshe?"

"Jiya."

"Wa ya kai ƙarar, ɗan nan?"

Munirat na tsaye bakin ƙofa da tiren shayi. Walid ya ɗago ido ya dube ta sau ɗaya, ya mai da kansa ƙasa. Sunanta na jikin takardar da aka ba shi, ta san haka.

"Ma adri, Inna. Ban sani ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya sa albarka a ginin, ya ba shi 'yan haya na gari. Ya sha shayinsa rabi ya tafi.

Da aka kira la'asar Munirat ta zo ta sa hannu a ƙarƙashin hammatarta yadda ta saba, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwan nata ba. Inna ta zare su a hankali.

"Bar shi, 'yar nan. Shekara tara kina ɗawainiya da ni a matakalar nan. Ko ba komai, wanda ya kai ƙarar ya hutar da ke."