Ɗigon Jan Farce

"Ina ɗigon?" in ji mai kantin magani, yana leƙen cikin inbatar, na'urar juya wutar batir zuwa ta gida, kamar wanda allura ta ɓace masa.

Auta ta ce, "Kawu, wallahi aikin ya yi. Sau uku na gwada."

"Ban ce bai yi ba, 'yata. Magani nake sawa a firjin nan, ba ruwan sanyi ba. In Malam bai ɗiga ba, ba zan jona ba." Ya dire ta a bakin ƙofa ya yi gaba.

Mai ɗinki, uwar Auta, ta ɗage ƙafa daga kan keke. Tun safe take fama da wuyan riga ɗaya, ga ciwon baya, ga kuma wannan. Shekara uku ke nan 'yarta na zarya garejin maƙwabcinsu, tsohon malamin kimiyyar nan da ya yi ritaya ya ƙi zama. Ya tattara matasan layin da suka gama makaranta suka rasa abin yi, yana koya musu gyaran fitilar sola da inbata, har da yadda ake yi wa mai kaya magana ba a kore shi ba. Duk aikin da ya duba ya gamsu, sai ya ɗiga jan farce a kan dalmar. Kwalbar farko ma ta matarsa ya sata, kowa ya sani. Tun ana dariya har ta kai ba mai karɓar gyara sai ya ga ɗigon nan.

To yau sati biyar Malam na kwance. Yaran sun watse, wani ya koma dako, wani zaman benci. Auta kaɗai ta rage, kuma in wannan aikin ya ƙi karɓuwa, sai dai ta dawo gefen keke tana sa maɓalli. Da can abin da uwar ke so ke nan. Yanzu kuwa da ta dubi yatsun yarinyar, duk tabon ƙuna, sai ta ji takaicin a ce wahalar nan ta tashi a banza.

"Ɗauko mu je."

"Umma, mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa?"

"Na ce ɗauko."

Ɗakin Malam na warin man zafi. Matarsa ta kawar da kwanuka daga kan kujera, ta koma bakin gado ta zauna da idanu jajir. Shi kuwa ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu.

"Maƙwabciya, ƙara kika kawo? Ai kwana biyu ba mu ƙona miki fis ba."

"Ina ma kun ƙona, Malam," ta ce, sannan ta faɗa masa abin da ya faru.

Ya sa Auta ta buɗe murfin, ya kai fuska kusa, ya girgiza kai. "Idon nan ya riga ni tafiya. Ke za ki gaya mini. Me ya ƙone?"

"Transisto biyu. Amma ba su ne ciwon ba, Malam. Fankar ciki ce ta tsaya, zafi ya cinye su. Na canja ta."

Ya ce, "Da ni ne, da transiston kawai zan canja, ta dawo mini bayan wata."

Matarsa ta miƙo kwalbar. Ya tsoma burushin, hannun ya hau rawa, jan ya ɗiga a kan zanin gado. Ya sake gwadawa, ya sake ɓata zanin. Sai ya miƙa wa Auta. "Ɗiga da kanki."

Ta noƙe. "Malam, ai ƙarya ke nan. Za a ce kai ka duba."

Ya yi dariyar da ta zame masa tari, har sai da aka ba shi ruwa. Da numfashinsa ya dawo, mai ɗinki ya kalla.

"Kin ga kuskurena, maƙwabciya? Na koya wa yara gyara, na koya wa unguwa kada ta yarda da kowa sai ni. Rumfa na kafa da ƙafa ɗaya." Ya juya ga Auta. "Kin fi ni gaskiya. Bar jan nan. Nemi launinki, ki kai masa, ki ce in ta ɓaci ƙofarki zai buga."

Bayan kwana biyu, da hantsi, mai ɗinki na cikin yanka yadi ta ji kukan matar Malam ta bayan bango. Ta ajiye almakashi. Mutumin da ta shekara uku tana mita a kan hayaƙin dalmarsa, ga shi ta ji kamar uba ta rasa.

Inbatar ta yi kwana tara a ƙarƙashin teburin ɗinki tana shan ƙura da guntayen zare. Auta ba ta ko kallon wajen. Uwar ta gaji da jira. Ta fita kanti ta dawo ta aje mata 'yar kwalba a cinya.

"Kore kaɗai ya rage. In bai yi miki ba, ga maɓallai can."

Tare suka je. Mai kantin magani ya buɗe murfin, ya gyara zaman tabarau, ya ga koren ɗigo a kan dalmar.

"Wannan fa?"

"Nawa ne, Kawu." Auta ta matso kusa. "In ta ɓaci, ka san ƙofarmu."

Ya daɗe yana kallon ɗigon. Ya ɗaga kai ya hango garejin a rufe can ƙarshen layi, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya matsa ya ba ta hanya. Auta ta durƙusa ta jona wayoyin. Firjin ya ɗan girgiza, ya fara gurnani. Mutumin ya ɗora tafin hannu a jikinsa ya tsaya.

Mai ɗinki ta jingina bayanta mai ciwo da ƙyauren kanti, tana kallo ya janyo kwalin da ke ƙasan kanta, ya fara jera kwalaben allura a ciki, ɗaya bayan ɗaya.