Mai Jin Ƙasa a Gasar Kujera Ɗaya

Duk wanda ya ce maka Gasar Kujera Ɗaya ta Jos ta mutu ne don rashin 'yan kallo, ka bar shi da surutunsa, bai taɓa taka filin ba. Har kan duwatsu mutane ke hawa don su samu wurin gani. Shekara ashirin da ɗaya gasar ta yi a duniya, kuma mutum biyu ne suka kafa ta: Hyginus, mai shagon kayan gyaran mota a Kwararafa, da Badung, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba tun da aka haife shi.

A shekarar 2003 ne Hyginus ya tara makanikai da masu walda, suka ciro injin tsofaffin motoci, suka ɗora a kan bututun ƙarfe, kujera ɗaya tal, tayoyi huɗu a waje tsirara. Da mota bakwai aka fara, uku daga ciki ma sai an tura. Babu wanda zai ba su kwalta, don haka suka share hanya kewaye da wani tsohon tafkin kuza a hanyar Vom. To a nan matsalar take. Ƙasar wurin tun zamanin Turawa ake haƙarta, bayan tafiyarsu kuma masu loto, wato masu haƙar kuza da hannu, suka ɗora. Su nutsa rami kamar rijiya, sannan su bi kuza ta ƙarƙashi duk inda ta nufa. Daga sama ka ga ciyawa kore shar, ƙarƙashin ƙafarka kuwa kogo ne.

Badung ya yi shekara goma sha tara a cikin loto kafin ƙirjinsa ya hana shi. Ranar da ya ga ana share hanyar, sai ya koma gida ya ɗauko rodi mai tsawonsa. Ya bi hanyar a ƙafa, duk taku uku ya doka rodin, ya karkata kai ya saurara. Ƙasa mai kyau amsarta gajera ce, wadda aka cinye cikinta kuwa sai ta ɗan ja sautin. Wuri biyu ya nuna. Makanikai suka yi masa dariya, amma Hyginus ya sa aka haƙa, aka tarar da rami a duka biyun, ɗaya ma zai haɗiye tifa.

Daga ranar aka samu dokar da ba a taɓa rubutawa ba. Ba a ɗaga tuta sai Badung ya zagaye hanyar ya dawo ya kafa rodinsa a layin tashi. Inda ya ce akwai kogo, a haƙa a gani, a cike da dutse. Bai taɓa sa an haƙa banza ba, ko sau ɗaya, kuma da wannan yake taƙama har a coci.

Gasar ta ga abubuwa. Shekarun rikici an yi kakar tsere uku ba a kunna inji ba, da aka dawo kuwa mutanen da suka daina shiga unguwannin juna a bakin tafkin nan suke haɗuwa. Datong ya ɗauki kofi sau uku a jere, birki ya tsinke masa a na huɗun, ya bar ƙafar hagu a asibiti. Aka kawo injin manyan babura, motoci suka ninka gudu, ƙara kuma ta ninka har sau uku. Roseline, malamar jinya, ta zama mace ta farko da ta ci kaka, maza suka yi wata guda suna cewa injinta ne. Motoci sun kife, sun kama da wuta, an karya haƙarƙari ba adadi. Amma ƙasa ba ta taɓa buɗewa da kowa ba, shi ya sa iyaye mata suke yarda 'ya'yansu su hau.

Duk tsawon shekarun nan Badung a bakin hanya yake tsayawa, taku biyar daga inda motoci ke wucewa, ba ko auduga a kunnensa. Na dama ne ya fara tafiya. Na hagu ya biyo baya a hankali, har ya zama ba ya jin maganar mutum sai ya kalli bakinsa. Ya ƙware a kallon baki da gyaɗa kai. Sautin ƙasa kuwa, wancan siririn ja da ake ji can ƙasa-ƙasa, shekara biyu ke nan rabonsa da shi. Da tafin hannu yake lalube yanzu, ya ji yadda rodi ke rawa, ya yi addu'a, ya wuce.

Matarsa Magadaliya ce ta tare shi da safiyar tseren farko na kakar 2024, yana ɗaura takalmi. Ta zo gabansa ta durƙusa don ya ga bakinta.

"Maigida, ka faɗa wa Oga Hyginus yau. Ruwan bana ya yi yawa, kuma masu loto sun dawo wajen."

"Hannuna yana ji."

"Hannu ba kunne ba ne. Jiya sau huɗu na kira ka daga madafa."

"In na faɗa, wa zai yi? Yaran yanzu ko ramin shara ba su iya saurara ba."

Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Tsoro yake ji. In aka karɓe rodin nan, shi ba kowa ba ne illa tsoho mai tari da ke zaune a ƙofar gida.

A filin, Munachimso ne ya fara zuwa gaishe shi, riƙe da hular kwano. Autan Hyginus ne, shekararsa ashirin da huɗu, a Jos aka haife shi, kuma a wuyan Badung ya kalli tserensa na farko. Bana kowa ya san shi ne zai ɗauki kofi. Ya rusuna ya ce, "Baba, a duba mini Kwanar Tafki da kyau, ta ciki zan riƙa shiga." Badung ya karanta bakinsa, ya dafa masa kai.

Ya kama hanya. Taku uku, doka. Taku uku, doka. Da ya iso Kwanar Tafki, inda hanya ke lanƙwasa dab da ruwa, sai ya hango tulin farar ƙasa sabuwa bayan wani shinge, taku arba'in daga gefen hanya. Ƙasar loto ce, ko a mafarki ya san ta. Ta wane ɓangare suka bi a ƙarƙashi, shi ne abin da ido ba ya gani.

Ya doka rodi a cikin kwanar. Rawar da ta hau hannunsa ta yi masa wani iri, ko kuwa hannun ne ke rawa da kansa. Ya sake. Ya durƙusa har gwiwarsa ta jiƙe, ya manna kunnen hagu da ƙarfen, ya buga da dutse. Ba abin da ya ji sai shuuu ɗin da ke cikin kansa dare da rana. Sau biyar yana yi. Can nesa ya ga ɗaruruwan mutane sun zuba masa ido, Hyginus na duba agogo.

Kalma ɗaya zai faɗa a kawo shebur. Amma in aka haƙa aka tarar da ƙasa lafiya lau fa? Mutumin da bai taɓa kuskure ba ya sa an farfasa kwana mafi kyau a banza, ranar buɗe kaka. Za a fara tambaya, kuma tambayar ba za ta tsaya ba sai ta isa kunnensa. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ƙarasa zagayen. Ya kafa rodi a layin tashi. Ya ga bakuna sun buɗe da sowa, aka ɗaga tuta.

Zagaye goma motoci goma sha shida suka bi ta kwanar nan, ƙasa ta riƙe. A na goma sha ɗaya Munachimso yana gaba shi kaɗai, ya shiga ta ciki kamar yadda ya faɗa. Badung yana kallo. Gaban motar ya duƙa, bayanta ya ɗaga sama, sai kuma babu mota. Bai ji ƙarar ba. A tafin ƙafarsa ya ji ta.

Ba wanda ya iya shiga ramin, don bakinsa na ta zubewa. Badung ne ya ɗaura igiya a ƙugu, da tarinsa da shekarunsa sittin da shida, ya sa aka zura shi. Da hannu ya tone ƙasar da ta rufe kujerar. Ya cire hular a hankali, ya share wa yaron fuska da gefen rigarsa, ya daɗe a zaune kafin ya ja igiya.

Gawar aka kai gida, can ƙasar Ibo. Ba a sake kunna inji a bakin tafkin ba. A gari kuwa masu loto ake zagi, ana cewa ai bayan Baba ya wuce ne rufin ramin ya saki, wane ne shi ya yi kuskure. Kowa ya zo yi masa sannu sai ya kau da kai. Ya daina cin abinci sai Magadaliya ta tsaya a kansa.

Bayan sati uku, da la'asar, Hyginus ya shigo gidan. Ya rame, an aske masa kai, rigar jikinsa ta yi masa yawa. Magadaliya ta ajiye masa kujera 'yar tsugunno da ruwa, ta koma ɗaki.

Badung bai bari an gama gaisuwa ba. Ya ce, "Oga Hyginus, ni na kashe maka ɗa. Shekara biyu ke nan ba na jin ƙasa. Na ga ƙasar loto a kwanar nan, na doka, ban ji komai ba, na je na kafa rodi don kada a gane. Ka yi da ni yadda ka ga dama."

Ya sunkuyar da kai yana jiran mari ko tofin yawu, kuma da ya samu ɗaya daga ciki da ya ji sanyi. Sai ya ga an jawo kujera. Hyginus ya zagayo ta hagunsa, ya kawo baki dab da kunnen, kamar wanda ya daɗe da sanin wanne ne mai sauran aiki.

"Badung, na sani. Tun bara na sani. Na tsaya a bayanka a shagona na kira ka sau uku, ba ka juyo ba."

Badung ya ɗago ya dube shi.

"Na ce wa kaina hannunka ya saba, zai wadatar. In ba ka kafa rodin nan ba, babu direban da zai hau mota, gasar ta mutu ke nan. Ni kuma ina so in ga yarona ya ɗaga kofi." Hyginus ya ƙara matso da baki kusa da kunnen. "Ogochukwu ba ta sani ba. Uwarsa ce, kullum tana tsine wa masu loto, da wannan take samun barci. In ta ji ba ka ji, za ta tambaye ni ko na sani, ni kuma ba zan iya yi mata ƙarya a ido ba. Abin da ya kawo ni ke nan. Don Allah kada ka faɗa wa kowa. Ko fasto."

"Har yaushe?"

"Har mu mutu."

Hyginus ya miƙe, ya bar ruwan bai sha ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce jibi Ogochukwu za ta zo da kanta ta yi godiya, tunda shi ne ya shiga rami ya fito mata da ɗanta. Ya roƙe shi ya karɓi godiyar da hannu biyu.