Ruwan da Tolegen Ya Zuba

Tolegen na kwance ƙarƙashin motar gyaran ƙanƙara yana ɗaure wuƙarta, sai ya ga takalman Kuanish, yayan matarsa, sun tsaya daidai kansa. Duk garin Oskemen babu mai shiga ɗakin inji da takalmi mai ƙyalli haka sai shi.

"Suruki, fito mana. Ko sai na durƙusa na gaishe ka?"

"Yaya, wa ya bar ka ka shigo?"

"Maigadi. Na ce masa ni ne kawun golan yau."

Bai yi ƙarya ba. Golan ƙungiyar garin na farko ya ji ciwo a gwiwa, na biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, saboda haka Dauren, ɗan Tolegen, shi zai tsare raga a wasan hokin ƙanƙara na ƙarfe biyu na rana. Shekararsa uku yana ɗumama benci. Koci bai ɓoye masa ba: in ya yi abin kirki yau ya zauna, in bai yi ba a sallame shi ƙarshen kakar wasa.

Kuanish ya ajiye ƙullin baursak, wani irin fanke, mai zafi da Zauresh, matar Tolegen, ta aiko da shi, ya ɗauki biyu ya jefa baki, sannan ya zaro waya.

"Shekara ashirin da shida kana filin nan, ba ka san yadda ake cin abinci da shi ba. Duba nan. 'Yan koyon caca suna zuba kuɗi ne a kan wa zai yi nasara. Shi ma iri biyu ne: ko cikin zango ukun nan na minti ashirin-ashirin, ko har da ƙarin lokaci. Bara na ɗauki na farko, yaranmu suka ci a ƙarin lokaci. Gari na tsalle, ni ina zagi."

"Na tuna. Ka fasa mana butar shayi."

"Tsohuwa ce dama. Akwai na tazara, ka ce za a yi nasara da ratar ci biyu. Akwai na wa zai fara jefawa. Duk wannan sa'a ce. Amma ga na masu hankali." Ya ɗora yatsa a kan wayar. "Jimillar ci. Sama da biyar da rabi, ko ƙasa."

"Akwai rabin ci ne?"

"Don kada a yi kunnen doki ne, baƙauye. Biyar ƙasa ce, shida sama. Ni ƙasa na ɗauka."

"Allah ya ba da sa'a."

"Ba sa'a na zo nema ba. Ruwa na zo nema."

Tolegen ya gane tun kafin a ƙarasa. Tsakanin zango da zango shi ke shiga da mota ya kankare fuskar ƙanƙarar, ya shimfiɗa ruwan zafi siriri wanda zai daskare kafin 'yan wasa su dawo. In ruwan ya yi yawa ba zai gama daskarewa ba. Ƙanƙara ta yi laushi, faifan robar da ake bugawa ya daina gudu, ci ya yi wuya.

"Wa zai sani?" in ji Kuanish. "A ce injin sanyi ne ya gaji. Kuma bar batun kuɗina. Ɗanka fa? In aka ɗura masa shida yau, gobe yana tuƙa tasi tare da ni."

"Fita, Yaya. Zan tayar da mota."

"Na fita. Ka dai yi tunani irin na uba."

Zangon farko ya zo da zafi. Minti huɗu da farawa faifai ya wuce ta ƙarƙashin hammatar Dauren. Kafin a tashi an ƙara masa na biyu. Tolegen na tsaye bakin ƙofar mota, yana jin wani mai ƙaton ciki a layin gaba yana ihu: "Wannan gola ne ko labule?" Koci kuwa rubutu kawai ya yi a ɗan littafinsa. Wannan ya fi ihun ciwo.

Aka busa, 'yan wasa suka fice, biyu da ɗaya. Tolegen ya hau mota. A jikin mariƙin sakin ruwan akwai wani zane da ya yi da ƙusa tun shekararsa ta farko, iyakar da ba ya wucewa. Can sama cikin 'yan kallo ya hango Kuanish ya ɗaga gorar ruwa yana karkata ta.

Ya yi zagaye na farko daidai. A na biyu, da ya nufo gefen ragar da ɗansa zai tsare, ya tura mariƙin ya wuce zanen da faɗin yatsa biyu.

Ya waiga. Ruwa ya kwanta a bayansa, mai kauri, yana sheƙi kamar an zubar da mai. Mutum dubu huɗu ne a wurin, babu wanda ya ga komai. Shi ya gani. Abin ya yi masa muni kamar ya ga tabo a farar rigarsa.

Ya mayar da mariƙin. Da ya gama zagayensa bai fita ba, ya juyo ya sake bin layin nan, ya kwashe ruwan, ya shimfiɗa sabo siriri. Alƙalin wasa ya nuna masa agogo. 'Yan kallo suka yi ta fito.

"Tsoho, ka manta hanyar gida ne?"

Ƙanƙara ta daskare tamau, faifai ya riƙa gudu kamar harsashi. An ƙara wa Dauren ɗaya a zango na biyu, daga nan ya rufe ƙofa. Ya tare da ƙafa, ya tare da ƙirji, ɗaya ma da kwalkwalin kansa. Aka tashi uku da uku, a ƙarin lokaci 'yan gida suka jefa na huɗu. Mai ƙaton cikin nan ya fi kowa kiran sunan Dauren.

Kuanish ya leƙo ɗakin inji, waya a kunne.

"Bakwai! Ka kashe ni, suruki, ba ka da amfani." Sai ya juya ga wayar. "Zauresh, albishirinki! A'a, ba zan faɗa ba sai kin ce za ki yanka mini rago."

Bayan ya tafi Dauren ya shigo, gashi a jiƙe, tawul a wuya. Ya ɗauki baursak ɗin da ya rage, wanda ya riga ya huce, ya cinye.

"Koci ya ce ni zan fara ranar Talata."

"Talata kawai?"

"Talata kawai ya ce."

"To. Ka rufe hammatar nan taka."

"Na ji, Baba." Ya jingina da motar. "Ƙanƙarar yau ta yi. In ta yi laushi faifai tsalle yake kamar kwaɗo, gola ba ya sanin inda zai nufa. Yau duk wanda aka bugo ina ganinsa tun daga sandar mai bugawa."

Tolegen ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Amma an ce ka maimaita layi ɗaya a gabana," in ji Dauren. "Ban taɓa jin ka maimaita layi ba."

"Tsufa ne," in ji Tolegen. "Sauka daga jikin motata, kana jiƙa ta."